Tsohuwa da 'Yarta

Toledo, Ohio
4 ga Oktoba, 1999

Bernadette,

Kamfanin gilashi na Brandholt ya sanar cewa zai kashe wutar tanderunsa ranar Juma'a, 17 ga Disamba, da ƙarfe goma na safe. Sabon tanderun da aka gina na lantarki ne, ba shi da harshen wuta.

Ki yafe mini, na sa labari gaba da gaisuwa. Shekara talatin da huɗu a gidan jarida sun ɓata ni. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Walter da yara, da fatan aikin asibiti da sauƙi. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni ruwan sama kafin rediyo ya faɗa. Rabona da rubuto miki tun rasuwar mahaifiyarki, Gwaggo Stella, shekara takwas ke nan. Laifina ne, ba zan nemi hujja ba.

Ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta ɗora mini rubuta ɗan littafin tarihi da za a raba a ranar. Wata uku ke nan ina kai da komo a laburare. Na ɗauka na san garin nan, tunda a cikinsa aka haife ni. Ashe ban san komai ba.

Lokacin da aka tono iskar gas a kudancinmu, ta yi yawan da har ana kunna ta a fili don kawai baƙi su gani. Masu hura gilashi suka taho daga gabas a jirgin ƙasa da matansu da 'ya'yansu da bututun aikinsu. Brandholt ya kunna tasa wutar a Satumbar 1889 da mutum sittin, cikinsu har da kakanmu na biyu, wanda ni da ke muka haɗu a kansa. Ba a yi shekara goma sha biyar ba aka ƙirƙiro injin kwalba a nan garin, abin da gwani zai wuni yana hurawa da baki, inji ya gama shi kafin kofi ya huce. Sai gilashin mota ya biyo baya, ga masu ƙera sikeli, ga masu ƙera motar kanta. Akwai lokacin da in mutum ya sha ruwa a otal a Texas, ko ya leƙa ta tagar mota a wata ƙasar, da wuya in ba yashin da aka narka a bakin kogin Maumee ya taɓa ba. Ina karantawa ina ajiye takarda, ina kallon hannuna.

Ke gidanku na masu aikin mota ne, don haka bari in tuna miki al'adar Brandholt. Bulon tanderu yana cinyewa duk bayan kamar shekara goma. Sai a gina sabo a gefe. Kafin a rufe tsohon, babban mai tanderu zai ɗebi wuta da fitilar ƙwai, ya taka da ƙafa ya kunna sabon da ita. Ba a sa ashana. Sau goma sha ɗaya aka yi haka, uku daga ciki mahaifina ne ya ɗauka. A bakin ƙofa akwai allon tagulla da aka rubuta: "Wannan wuta ba ta mutu ba tun 1889." Sunansa, Casimir Wojtkowiak, wanda kowa ke kira Kaz, yana ƙarƙashi.

Ga abin da ya sa na rubuto. A tsohuwar jaridarmu ta 28 ga Janairun 1977, shafi na goma sha huɗu, na ci karo da layi uku. Saboda ƙarancin gas a wannan mugun hunturun, an yanke wa masana'antu gas, Brandholt ya tsiyaye tanderunsa ya sallami ma'aikata. Sai 15 ga Fabrairu aka koma. Kwana goma sha tara tanderu na sanyi, kuma shi kaɗai ne da su a lokacin.

Baba kuwa har ya koma ga Allah yana cewa wutar ba ta taɓa mutuwa ba. Ni a lokacin ina Columbus ina bin 'yan majalisa da biro, ban ga komai ba. Mama ta rasu, babu wanda zan tambaya. Gwaggo Stella ce aminiyarsa a duk dangi. Ta taɓa faɗa miki wani abu game da hunturun nan?

Ba zan buga abin da ba gaskiya ba ne, ko da sunan ubana a kai. Amma ina so in san wane irin mutum ne ya koya mini wannan ɗabi'ar.

Taki,
Loretta


Sitka, Alaska
17 ga Oktoba, 1999

Yaya Loretta,

Kai, ashe kina raye! Da na ga ambulan da rubutunki mai kama da na likita, sai da na zauna tukuna, na ce wa Walter, "Wani ya mutu." Ya ce, "To ai ba ita ba ce, tunda ita ta rubuto." Ina gaishe ki ƙwarai. Muna lafiya. Walter yana teku yana neman kifi, ya dawo da wari da labarai. Yaran sun girma sun fi ni tsawo da baki. Gwiwarki kuwa ki kawo ta nan, za ta yi miki ciwo kwana ɗari uku a shekara, ba ta taɓa yin kuskure ba.

Labarin wutar ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Shekarar da na zo garin nan, ban san kowa ba, na shiga wani ɗan gidan abinci a bakin tasha. Aka kawo mini ruwa. Na shanye, na kife tambulan ɗin kamar yadda duk ɗan Toledo ke yi, sai ga harafin Brandholt a gindinsa. Na fashe da kuka a gaban mutane. Mai kawo abincin ta ce, "Baiwar Allah, ruwan ne ba daɗi?" Har yau tambulan ɗin yana wurina, ta bar mini shi.

Amma maganar hunturun 77, Yaya, ki bar ta.

Ni ma ba na gida a lokacin, ina makarantar jinya a Duluth. Sai dai akwai abin da na sani. Kawu Kaz ya ɓoye wani abu a kwanakin nan, Mama kuma ta taya shi ɓoyewa, ta ce kada in faɗa wa kowa. Shekara ashirin da biyu ban buɗe baki ba, ko ga Walter. Ba abu ne da 'ya za ta so ta ji game da ubanta ba. Dukansu suna gaban Ubangiji yanzu, me za mu ƙara musu?

Ki rubuta littafinki. Ki yabi garin, ya cancanta. Ki bar kabari a rufe.

In kin je kasuwar unguwarmu, ki ci kilbasa ɗaya, naman nan da ake ɗurawa a hanji, a madadina. Ta nan garin roba ce aka sa wa gishiri.

Ƙanwarki,
Bernie


Toledo
27 ga Oktoba, 1999

Bernie,

Na samu wasiƙarki, na gode, na kuma ji daɗin jin kuna lafiya. Na ci kilbasar, biyu ma, ɗaya taki ɗaya tawa. Gwiwa tana nan tana aikinta.

Na karanta abin da kika rubuta sau huɗu. Kin ce ya ɓoye abu, Gwaggo ta taya shi. Ban ga wata fassara ba sai guda: wutar ta mutu, ya kunna sabuwa da ashana, ya ce wa duniya tsohuwar ce. Ba sai kin tausaya mini ba. Na gwammace in ji da zafi.

Duk da haka aikina ya koya mini ba a buga magana a kan majiya ɗaya. Na haye kogi na je wurin Dez Hornyak, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Baba. Shekararsa saba'in da tara. Na same shi a bayan gida yana gasa kitse a tsinke, yana ɗiga man a kan burodi, likita kuwa ya hana shi ko kallon abin.

Ya ce, "Lale da 'yar Kaz mai biro. Wa kika zo ki kashe yau?"

Na ce, "Kawu Dez, ina kake ranar da aka koma aiki a 77?"

Ya ce, "Ina zan kasance? A bakin tanderu, hannu a hammata, mu arba'in muna rawar ɗari. Kwana goma sha tara muna gida matanmu sun gaji da ganin fuskarmu. Wajen ƙarfe tara na safe sai ga ubanki ya shigo da fitila a kunne, ƙanƙara har gira. Ya shigo ta ƙofar arewa ma, ban san dalili ba, alhali gidanku yana kudu. Ya sunkuya ya kunna Tsohuwa, ya miƙe ya ce, 'Ba ta mutu ba.' Shi ke nan."

Tsohuwa, haka suke kiran wutar a tsakaninsu. Ba za ki ji mai tanderu ya ce wuta ba.

Na ce, "Ba wanda ya tambaye shi?"

Ya ce, "Tambaya? Tsiya dai muka yi masa. Har ya yi ritaya ana ce masa Kaz Ashana. In ya shigo kantin abinci wani zai ce, 'Kaz, ara mini wutar 1889 in kunna taba.' Ba ya dariya, ba ya fushi."

Na ce, "Kai me ka yarda da shi?"

Ya juya tsinkensa, ya ce, "Yarinya, ni ban ga ashana ba. Ban kuma ga rashin ashana ba. Ci burodi."

Daga can na wuce masana'anta, aka ba ni izini in leƙa. Bernie, shekara sittin da ɗaya ina jin ƙugin wurin nan daga nesa, ban taɓa duba cikin tanderun ba. Suka ba ni baƙin gilashi in kare ido, suka buɗe wata 'yar kafa. Tafki ne na haske, faɗinsa ya kai tsakar cocinmu, yana motsi a hankali kamar mai numfashi. Yashi da farar ƙasa suna shiga ta can gefe, ƙasa zalla irin wadda muke takawa. Ta nan gefen kuma abu na zubowa kamar zuma, almakashi na yankewa, kowane ɗigo ya faɗa mazubinsa. Sai ki ga tambulan suna fitowa a jere jajawur kamar garwashi, suna tafiya suna hucewa, har su zama abin da ake ganin duniya ta cikinsa. Na yi minti ashirin a tsaye, gumi na bin bayana. Na rubuta labarin gobara da ambaliya da zaɓen gwamnoni shida, ban taɓa rasa kalma ba sai ranar. A gaban wannan abin Baba ya tsaya shekara arba'in da ɗaya, ya dawo gida ya ce, "Ba labari."

Na fahimci abin da zai sa mutum ya ƙi yarda cewa irin wannan ta mutu a hannunsa. Fahimta dai ba hujja ba ce. Ga abin da na rubuta a shafi na talatin da ɗaya: "Wutar ta ci shekara tamanin da bakwai da wata huɗu. Ta mutu ranar 27 ga Janairu, 1977. Wadda za a kashe a Disamba shekararta ashirin da biyu."

Za a karanta wannan a gaban allon da sunansa ke kai. In kina da abin da zai gyara ko kalma ɗaya, ki faɗa. Mai ɗab'i yana jiran aikin ranar 10 ga Disamba.

Taki,
Loretta


Toledo
22 ga Nuwamba, 1999

Bernie,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Mako uku da kwana biyar ban ji daga gare ki ba. Na duba rahoton yanayi, jirage suna sauka a Sitka, don haka ba zan ɗora wa hazo laifi ba.

In na ɓata miki rai ne da na tono abin da Gwaggo ta rufe, ki yi haƙuri. Na ɗauki shirunki a matsayin amsa. Shafi na talatin da ɗaya yana nan yadda na faɗa miki. Shekaranjiya na kai furanni kabarin Baba, na karanta masa layukan da baki, don kada ya ji su a wurin wani.

Allah ya sa ku yi bikin godiya lafiya.

Loretta


Sitka
27 ga Nuwamba, 1999

Yaya Loretta,

Ina gaishe ki. Lafiyarmu ƙalau, babu wanda ya kwanta. Ba fushi nake ba, kunya ce ta riƙe mini hannu. Kada ki kai komai wurin mai ɗab'i sai kin karanta wannan.

Kin yi mini mummunar fahimta, kuma ina jin ni ma na yi wa wani wadda ta fi ta muni. Ni ba maganar wuta nake ba ko kaɗan. Ban taɓa kawo wuta a raina ba.

Da na zo wurin da Kawu Dez ya ce "Tsohuwa", na tsaya. Na sake karantawa. Na haura sama na zazzage akwatuna uku har na samo wasiƙar da Mama ta aiko mini Duluth. Ga ta nan na saka miki ita da ambulan ɗinta, ki riƙe ta da kyau. Amma bari in kwafa miki wurin, don rubutun Mama sai wanda ya saba:

"Tsohuwa ta mutu ranar Alhamis. Kaz ya kawo mini 'yarta da rana tsaka cikin wannan ƙanƙarar, ya rufe ta da kwat ɗinsa. Tana ɗakin ƙasa wajen murhu, ina leƙa ta safe da yamma. A gidansa ba za ta zaunu ba. Kada ki faɗa wa kowa, in labari ya fita aikinsa ya tafi."

Yaya, ki sa kanki a matsayina. Shekarata ashirin da biyu. Me zan ɗauka? Na ɗauka Kawu Kaz yana da wata mata a waje, ta mutu ta bar masa yarinya, ya kasa kai ta gaban Inna Helen, mahaifiyarki, ya ɓoye ta a gidanmu. Da na zo hutun Ista na sauka ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, babu gado, babu kowa, sai murhun Mama da tukwanen miyar agwagwa. Na ce, "Mama, ina yarinyar?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Rabinta ya koma aiki, rabinta yana nan." Na ɗauka ba'a take mini don in bar maganar. Na bari. Mu ba gidan tambaya ba ne, kin sani.

Ga abin da ya hana ni rubutu. Da zan yi aure a 1980, Babana ya riga ya rasu. Kawu Kaz ya zo da hularsa a hannu, ya ce zai so ya riƙe hannuna ya shigar da ni coci. Na ce masa na gode, na riga na roƙi wani. Ban roƙi kowa ba, ni kaɗai na shiga. Ya ce, "To, madalla," ya sa hularsa. Ya aiko mini da tambulan dozin guda. Da ya rasu ban zo jana'iza ba, na ce aiki ne.

Duk shekarun nan ina kallon mata masu kama da ke a filin jirgi, ina cewa ko ita ce ƙanwar Loretta.

Ki faɗa mini ba abin da nake tsammani ba ne. Ko kuwa ki faɗa mini shi ne. Ban san wanne zan fi iya ɗauka ba.

Bernie


Toledo
6 ga Disamba, 1999

Ƙanwata Bernie,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Walter da yara. Ina lafiya. Gwiwa ta sha wuya makon nan, za ki ji dalili, amma ban kula ta ba.

Shi ne. Wutar da ake ɗiba a fitila, masu tanderu 'ya suke kiranta. Tun ina ƙarama nake jin Baba yana cewa, "Gobe za mu kai 'ya ɗakinta." Gwaggo Stella ta yi shekara shida tana shirya tambulan a kwali a Brandholt kafin ta yi aure, yarensu take yi. Ta manta ta haifi 'yar masu mota.

Wasiƙar ta iso Alhamis. Hatimin gidan waya a jikin ambulan ya nuna 31 ga Janairu, 1977, kwana huɗu bayan an tsiyaye tanderun, mako biyu kafin a sake kunna shi. Ba a ƙirƙiri wannan daga baya ba. Na ɗauke ta na haye kogi.

Kawu Dez ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya goge, ya sake karantawa. Ya ajiye ta a kan tebur. Sannan ya ce, "Ina gidan Stella yake?"

Na ce, "Unguwar Lagrange."

Ya ce, "Arewa." Ya buga tebur. "Ƙofar arewa! Ɗan banzan mutum, mil uku ya tako da ita a ƙanƙara, don babu direban bas da zai ɗauke shi da fitila a kunne. Mu kuwa muna ce masa Ashana." Ya fyace hanci, ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido. Babu wuta a gidan ranar.

Na tambaye shi me ya hana Baba ya yi bayani. Ya ce dokar kamfani ce, duk wanda ya fita da wuta ta ƙofa korarre ne, ko waye. Na ce to bayan ya yi ritaya fa? Ya ce, "Ke ba ki san ubanki ba? Ya faɗa sau ɗaya. Me zai ƙara?"

Sauran na haɗa da kaina. Masana'antu aka yanke wa gas, ba gidaje ba. Tsohon murhun gas yana da 'yar wutar nan da ke ci kullum a cikinsa, wadda ake kunna sauran da ita. Ya hure ta Gwaggo, ya kunna da fitilarsa. Bayan kwana goma sha tara ya dawo ya ɗiba. Kin san abin da ya sa ba za ta zaunu a gidanmu ba? Murhunmu na lantarki ne. Ni na saya wa Mama shi a 1975, ina ta alfahari.

Majiya biyu ke nan, takarda da shaidar ido. Na yage shafi na talatin da ɗaya. Yanzu yana cewa: "A 1977 tanderun ya yi sanyi kwana goma sha tara. Wutar ta yi waɗannan kwanaki a murhun Stella Nowicki, a ɗakin ƙasa, inda Casimir Wojtkowiak ya kai ta da ƙafa, ya kuma dawo da ita da ƙafa." A duk aikina na buga gyara sau da yawa, kullum raina a ɓace. Wannan ne na farko da na buga ina waƙa.

Maganar aurenki kuwa, ki saurara. Ranar ina gefensa a coci. Da kika wuce ke kaɗai, ya sunkuyo ya ce mini, "Dubi tafiyarta. Ba ta bukatar kowa, kamar uwarta." Abin da ya faɗa ke nan, na rubuta miki shi yadda na ji. Ni kuma kin hana ni ƙanwa da kika yi shekara ashirin da biyu kina nema mini a filin jirgi, don haka sai ki riƙe muƙamin da kanki.

Saura abu ɗaya. "Rabinta ya koma aiki, rabinta yana nan." Maganar ta hana ni sukuni, sai ranar Asabar da hantsi na je gidanku. Wata Misis Odessa Tillman ce ta saye shi a 1991, malamar makaranta ce mai ritaya. Na gabatar da kaina, na ce ina so in ga ɗakinta na ƙasa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, mutane kan fara da barka da rana." Na ba ta wasiƙar Gwaggo. Ta karanta a tsaye, ta ce, "Bi a hankali, matakala ta huɗu tana da hali."

Murhun yana nan, Bernie. Farin nan mai tsagewa a ƙofa. A kansa take dafa ganye da gasa burodin masara in jikoki sun taru, ta ce na sama ba ya jin magana. A bangon da ke bayansa akwai 'yar takarda da ta koma ruwan ƙasa, da rubutun mahaifiyarki: "Kada a kashe." Misis Tillman ta ce ta ɗauka gargaɗi ne saboda bututu, ita kuma ba ta saɓa wa tsofaffi. Ta ce a kunne ta same ta ranar da ta tare, kuma ba ta taɓa sa mata ashana ba.

Ta ɗaga murfin. Na durƙusa da wannan gwiwar a kan siminti. Shuɗiya ce, ba ta kai tsawon farcena ba, ko motsi ba ta yi. Na tuna tafkin hasken da na gani a Oktoba, da mutum sittin ɗin farko, da duk tambulan da ya taɓa fita daga garin nan har wanda ya same ki a Sitka. Misis Tillman ta sunkuyo tana leƙawa ta kafaɗata. Can ta ce, "Wato shekara takwas ina dafa wake da wutar 1889?" Na ce mata ban tabbatar ba tukuna.

Don ban tabbatar ba. Gwaggo ta rasu a Janairun 1991, an sayar da gidan a Afrilu. Wata uku babu kowa a ciki. In an rufe gas a lokacin, ko na awa ɗaya, to wani ya sake kunnawa da ashana, wannan kuma wutar murhu ce kawai. In ba a rufe ba, ranar 17 ga wata za a kashe Tsohuwa ta bar 'ya a unguwar Lagrange. Kawu Dez ya ce babu mai hankalin da zai rufe gas a gidan Toledo cikin Janairu. Na ce masa ra'ayi ne wannan, ba shaida ba.

Na bar layi ɗaya babu rubutu a ƙarshen littafin. Yau da safe na je ofishin kamfanin gas na cike takardar neman a duba ko an taɓa rufe gas ɗin gidan, da sa hannun Misis Tillman. Suna da fayil na kowane gida tun daga 1960, yana ma'ajiyarsu ta bayan gari. Sun ce in dawo ranar Alhamis da ƙarfe biyu.

Yayarki,
Loretta